Santsin Dutse, Nimitti da Sauro: Yadda Ake Gane Sabon Nau'in Halitta a Raɗa Masa Suna

Duk wanda ya zauna a garuruwan Sudan na bakin Bahar Azrak, reshen kogin Nilu, daga Damazin zuwa Mai Wurno da Sinnar har Wad Madani, ya san abubuwa biyu da ke biyo bayan janyewar ruwan damina. Na farko shi ne santsin nan mai launin ƙasa-ƙasa da ke lulluɓe duwatsu da gindin kwale-kwale da bangon tur'a, wato magudanar ban ruwa, da zarar laka ta kwanta ruwa ya washe. Na biyu shi ne nimitti, ƙananan ƙwarin nan masu ɗan kore da ke tasowa daga kogi da magariba a lokacin sanyi, su yi dafifi a kan fitila, su faɗa cikin miya da shayi, har magidanta su gwammace zaman duhu. Nimitti ba ya cizo, amma yana tayar wa mutane da yawa asma da mura. Waɗannan abubuwa biyu suna da alaƙa ta kusa, domin santsin nan yawancinsa wasu ƙananan tsirrai ne na cikin ruwa, dangin gansakuka, waɗanda masana ke kira dayatom, kuma tsutsar nimitti da ke zaune cikin lakar kogi da irin waɗannan tsirrai take rayuwa. Masu bincike sun danganta yawaitar nimitti da gina madatsun ruwa, na Sinnar a 1925 da na Jabal Awliya a 1937, domin ruwan da aka tare yana ba ƙananan tsirran damar yaɗuwa.

Nimittin da ya fi damun mutanen bakin Nilu yana da suna a littattafan kimiyya, Cladotanytarsus lewisi. Wani masanin ƙwari na Landan, Paul Freeman, shi ya bayyana shi a 1950, ya kuma saka masa sunan D. J. Lewis, wanda ya daɗe yana binciken ƙwarin da ke cutar da mutane a Sudan. Kafin wannan shekara ƙwaron yana nan, mutane suna kaɗe shi daga kan tuwo, amma a wurin kimiyya ba shi da rajista. Wannan shi ne abin da ake nufi idan aka ji cewa an gano sabon nau'i: halitta ce da ta daɗe a duniya, sai dai ba a taɓa siffanta ta a rubuce ba, ba a bambanta ta da 'yan uwanta ba, kuma ba a ajiye samfurinta inda wani zai je ya duba ba. Aikin da ya rage yana da yawa ƙwarai. Ƙwarin da aka riga aka bayyana sun kai kimanin nau'i miliyan 1, alhali ƙiyasin da Nigel Stork ya fitar a 2018 ya nuna cewa waɗanda ke akwai za su kai miliyan 5.5. A ɓangaren dayatom kuma, David Mann da Pieter Vanormelingen sun ƙiyasta a 2013 cewa ba su gaza nau'i 30,000 ba, kuma mai yiwuwa su kai 100,000.

Tsarin sunayen ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda ya daidaita al'adar ba kowace halitta suna mai kalma biyu da Latinanci, ta farko ta dangi, ta biyu ta nau'i. Masana tsirrai suna fara lissafi daga littafinsa na 1753, masana dabbobi kuma daga bugu na goma na ɗaya littafin nasa, na 1758. Yankinmu ya shiga wannan tarihi tun da wuri. Ɗalibin Linnaeus, Peter Forsskål, ya bi ayarin bincike da Denmak ta tura ƙasashen Larabawa a 1761, ya ratsa Masar da Jidda, ya rasu a Yaman a 1763, kuma daga rubuce-rubucensa da aka buga a 1775 ne farar hamada ta samu sunan nau'inta, ita ce a yau ake kira Schistocerca gregaria. Daga 1820 zuwa 1825 kuma wasu Jamusawa biyu, Christian Gottfried Ehrenberg da Wilhelm Hemprich, sun biyo Nilu har Dongola, sun kewaya gaɓar Bahar Maliya suna tara samfura. Hemprich ya rasu a Masawwa a 1825, shi kuwa Ehrenberg ya koma gida ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin dayatom, ko da yake shi a ganinsa ƙananan dabbobi ne.

Dayatom ƙwayar halitta guda ce tak, kuma yawancinsu girmansu yana tsakanin maikuromita 2 zuwa 200, wato ma'aunin da ya zama kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Abin da ya bambanta ta da sauran tsirran ruwa shi ne tana gina wa kanta ɓawo na silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, kuma ɓawon gida biyu ne da ke shiga cikin juna kamar batta da murfinta. A jikin ɓawon akwai layuka da ƙananan ƙofofi da ƙayoyi masu tsari, kuma kowane nau'i da irin nasa zanen. Wasu zagayayyu ne, wasu dogaye masu tsini a baki biyu, kuma da yawa daga cikin dogayen suna da tsaga a tsakiya wadda da ita suke jan jiki a kan dutse. Duk da ƙanƙantarsu, an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na aikin da tsirran duniya ke yi na sarrafa hasken rana da fitar da iskar oksijin daga wurinsu yake. Idan sun mutu ɓawon ba ya ruɓewa, sai ya taru a ƙasan ruwa. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da can ƙasan tsohon babban Tafkin Chadi ne, shimfiɗe yake da irin wannan farar ƙasa, kuma daga nan iska ke kwasar kaso mai yawa na hazon hunturun da ke rufe Kano da Katsina. Ehrenberg ɗin nan shi ne ya duba ƙurar da ta sauka a kan jirgin ruwan da Charles Darwin ke ciki a tekun Atilantika, ya tarar da ɓawon dayatom na ruwan daɗi a cikinta.

Mai son bayyana sabon nau'in dayatom yakan fara ne da abu mai sauƙi: ya ɗauko dutse daga inda ruwa ke gudu, ya goge santsin da burushin haƙori a cikin ɗan kwalba, ya rubuta wuri da rana da yanayin ruwan. A ɗakin gwaji sai ya dafa abin da ya gogo da sinadari mai cinye nama, har komai ya narke ya bar ɓawon zalla, ya wanke shi sau da yawa, ya ɗiga a kan gilashi ya rufe da wani ƙaro na musamman mai fito da layukan fili. Daga nan wahalar take farawa. Zai zauna gaban maikuroskof mai ƙara girman abu sau 1,000 yana auna tsawo da faɗi, yana ƙirga yawan layukan da ke cikin kowane maikuromita 10, ba na ɓawo ɗaya ba, na gommai. Dalilin yawan awon yana cikin yadda dayatom ke hayayyafa. Idan ƙwaya ta rabu biyu, kowace 'ya tana ɗaukar rabin ɓawon uwar ta mai da shi murfi, sannan ta gina sabon gindi a cikinsa, saboda haka ɗaya daga cikin 'ya'yan kullum tana ɗan gaza uwar girma. A haka zuriyar ke ta raguwa har ta kai wani mizani, sannan ta yi barbara ta fitar da babbar ƙwaya a sake farawa. Ke nan nau'i ɗaya yana da manya da matsakaita da ƙanana, kuma siffar takan sauya yayin da girman ke raguwa, dogo ya koma kusan ƙwai. Wanda ya ga babba kawai da ƙarami kawai zai rantse cewa nau'i biyu ne, kuma an yi irin wannan kuskure ba adadi a ƙarni na 19. Yanzu da wuya mujalla ta karɓi bayanin sabon dayatom ba tare da hotunan maikuroskof na lantarki ba, wanda ke nuna ƙofofin ɓawon ciki da waje.

Akwai wata dayatom da ta cika ruwan Bahar Azrak da Bahar Abyad, ɗaya reshen na Nilu, wadda masu binciken ruwa na Jami'ar Hartum suka yi ta rubutu a kanta tun shekarun 1950, kuma tarihin sunanta ya ishi mai son fahimtar yadda tsarin ke tafiya. Ehrenberg ya bayyana ta a 1843 a ƙarƙashin dangin Gaillonella, ya kira nau'in granulata. A 1861 aka mayar da ita dangin Melosira, kuma da wannan suna za a same ta a tsofaffin rahotannin Nilu. A 1979 Reimer Simonsen ya nuna cewa tsarin ɓawonta bai dace da na Melosira ba, ya kai ta dangin Aulacoseira. Dangi ya sauya sau biyu, amma kalmar granulata tana nan, kuma sunan Ehrenberg yana biye da ita a rubuce cikin baka biyu domin a san wanda ya fara bayyana ta. Wannan ita ce ƙa'idar fifikon wanda ya riga: sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ne halattacce, duk wanda ya zo bayansa sai ya koma laƙabi.

Ƙa'ida ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace muhimmanci, ita ce ta samfurin asali. Suna ba ya tsayuwa a kan bayanin da aka rubuta kawai, an ɗaure shi ne da wani samfuri guda, ƙwaro ɗaya da aka soke da allura ko gilashi ɗaya mai ɗauke da ɓawo, wanda aka ajiye a gidan adana samfura da aka ambata a cikin takardar. Idan gardama ta tashi bayan shekara ɗari, wurin wannan samfuri ake komawa. Kundin dokokin da suka shafi waɗannan halittu kuwa biyu ne. Ƙwari suna ƙarƙashin kundin sunayen dabbobi, wanda bugunsa na huɗu ya fara aiki a farkon shekarar 2000, dayatom kuma suna ƙarƙashin kundin gansakuka da naman gwari da tsirrai. Shekarar 2012 ta kawo sauƙi a ɓangarorin biyu: masana tsirrai sun yarda a rubuta siffantawa da Turanci maimakon tilascin Latinanci, kuma duka kundayen sun amince da bugawa ta intanet, sai dai na dabbobi ya sharɗanta a yi rajistar aikin a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi na intanet.

A ɓangaren ƙwari matsalar takan zo ta fuska biyu masu kishiyantar juna. Wani lokaci nau'i ɗaya ne ake ba sunaye biyu. Farar da ke zaune ita kaɗai a jeji launinta na ciyawa ne ko na ƙasa, tana gudun 'yan uwanta, amma idan ruwa ya sauka a wurare irin su Tokar da gaɓar Bahar Maliya, ciyawa ta fito, suka yi yawa suna gogar juna, sai launi da hali su sauya, 'ya'yan su zama baƙi da rawaya, manyan su yi ja-ja sannan su koma rawaya, su tashi ayari guda. Boris Uvarov ne ya nuna a 1921, a kan wata fara ta daban, cewa abin da aka daɗe ana ɗauka nau'i biyu nau'i ɗaya ne mai yanayi biyu, daga baya aka tabbatar da haka a kan farar hamada. Wannan gyara na suna shi ya sauya dabarar yaƙi da fara gaba ɗaya, domin an gane cewa a wurin hayayyafa ake tarar ta tun tana warwatse, kafin ta haɗu.

Fuska ta biyu ta fi haɗari, wato nau'o'i da yawa su ɓuya a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma sauron zazzaɓin cizon sauro shi ne babban misali. An bayyana Anopheles gambiae a 1902, aka daɗe ana ɗaukar sa sauro ɗaya da ya mamaye Afirka. A shekarun 1960, da aka riƙa haɗa sauron wurare daban-daban barbara a ɗakin gwaji, sai aka ga wasu haɗe-haɗen suna haifar da mazan da ba sa haihuwa, alamar cewa iyayen ba nau'i ɗaya ba ne, duk da cewa ido da maikuroskof ba sa raba su. Mario Coluzzi, ɗan Italiya, ya ƙware wajen raba su ta hanyar duba zanen kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kuma ya yi wannan aiki a kan sauron shirin Garki, gwajin yaƙi da zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a yankin da yanzu ke cikin Jihar Jigawa. Feshin bangon ɗakuna a Garki bai katse yaɗuwar cutar ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron a waje yake hutawa, ba ya sauka a bangon da aka fesa. Wanda ya fi yaɗa zazzaɓi a yawancin Sudan shi ne Anopheles arabiensis, mai jure fari, mai cizon shanu da mutane duka, wanda kuma bai damu da kwana cikin ɗaki ba kamar ɗan uwansa. A 2013 aka sake ware wani nau'in aka kira shi Anopheles coluzzii. Ma'aikacin lafiyar da bai san wanne ne a unguwarsa ba zai iya kashe kuɗin feshi a inda sauron ba ya zama.

Sai kuma baƙon sauro, Anopheles stephensi, ɗan asalin Kudancin Asiya da yankin Larabawa, wanda aka gani a Jibuti a 2012, aka same shi a Habasha da Sudan cikin samfuran 2016, sannan a Jihar Gombe ta Nijeriya a 2020. Shi a tankuna da durom da rijiyoyin siminti na cikin gari yake hayayyafa, wato daidai irin ajiyar ruwan da kowane gida ke yi a Port Sudan da Kasala da unguwannin bayan garin Hartum. Tsofaffin littattafan gane sauron Afirka ba su ƙunshe shi ba, saboda haka wanda ya bi su zai iya saka shi cikin wani nau'in da ya saba gani, har sai da Maureen Coetzee ta fitar da sabon jagora a 2020 da ya haɗa da shi. A Gadarif kuma, inda cutar kala'azar ta daɗe tana cin rayukan manoma da 'yan ƙwadagon yankan riɗi da dawa, cikinsu har da Hausawanmu, mai ɗauke da ita ɗan mitsitsin ƙuda ne, Phlebotomus orientalis, mai son baƙar ƙasa mai tsagewa da inuwar aduwa da dushe. Yana da 'yan uwa masu kama da shi da ba sa ɗaukar cutar, kuma ba a raba su sai an yanke kan macen da ƙarshen cikinta da siririyar allura, an jiƙa su cikin sinadarin da ke sa su zama garai-garai, an shimfiɗa a kan gilashi, sannan a duba siffar maƙogwaro da ta jakar ajiyar maniyyi. Wanda ya iya wannan aiki da hannunsa shekaru ya yi yana koyo, kuma irinsu ba su da yawa a ƙasar nan.

Gwajin DNA ya kawo sauƙi, ya kuma kawo saɓani. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawarar a riƙa karanta wani ɗan yanki na ƙwayar gado, mai haruffa kusan 650, a matsayin lambar shaidar kowace dabba, kuma masu dayatom suna da nasu yankunan da suke karantawa. Ta wannan hanya aka tabbatar cewa farin ƙudan auduga, Bemisia tabaci, wanda ya addabi hawashar manoman Jazira, wato gonakinsu na ban ruwa, tun ƙarshen shekarun 1970, taron nau'o'i ne fiye da 30 masu kama ɗaya, waɗanda suka bambanta wajen jure magani da ɗaukar cututtukan shuka. Amma a 2021 wasu masana sun bayyana nau'o'in zanzaro fiye da 400 daga Kosta Rika a takarda ɗaya, kusan da lambar DNA da hoto kawai, ba tare da cikakkiyar siffantawa ba, kuma abin ya jawo muhawara mai zafi. Hujjarsu ita ce dazuzzuka suna ƙarewa, idan aka tsaya bin tsohuwar hanya halittu za su ɓace ba a san su ba. Na fahimci wannan damuwa, amma ban goyi bayan hanyar ba, domin sunan da ba a iya tabbatar da shi sai da na'urar karanta DNA ya fi ƙarfin malamin gona a Managil ko ma'aikacin lafiya a ƙauyukan kogin Rahad, waɗanda abin da ke hannunsu maikuroskof ne, wani lokaci ma babu wutar kunna shi. Siffa da DNA ya kamata su tafi tare, kowanne yana gyara kuskuren ɗayan.

Wannan ya kai mu ga inda samfuran asali suke. Abin da Ehrenberg ya tara yana gidan adana kayan halitta na Balin, tarin dayatom na Friedrich Hustedt shi ma yana Jamus, kuma samfuran asali na ƙwarin Sudan masu yawa suna Landan, domin can ake aika su tun zamanin ɗakin binciken Wellcome da aka buɗe a Kwalejin Gordon ta Hartum a farkon ƙarni na 20. Ɗalibin Jami'ar Sinnar ko ta Gadarif da ya ga abin da yake zaton sabo ne ba zai iya yanke hukunci ba sai ya gwada shi da waɗannan samfura, kuma kuɗin tafiya da biza sun fi ƙarfinsa. Tara su wuri ɗaya ma haɗari ne: gobarar gidan tarihi na ƙasar Birazil a watan Satumba na 2018 ta cinye kimanin ƙwari miliyan 5, cikinsu da samfuran asali masu yawa. Mu ma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya rutsa da gidan adana kayan halitta na Jami'ar Hartum, dabbobin da ake kiwo a cikinsa suka mutu aka yi asarar samfura, kuma a watan Disamba na wannan shekara faɗan ya isa Wad Madani, hedikwatar hukumar binciken aikin gona ta ƙasa.

Abin da za a nema daga gidajen adana samfura na Turai a fili yake: su ɗauki hotunan samfuran asali na wannan yanki masu kyau su saka a intanet kyauta, kuma duk sabon nau'in da aka bayyana daga Sudan a raba samfuran rakiyarsa, wato sauran samfuran da aka bayyana shi da su, tsakanin ƙasashe biyu ko uku, a bar kaso a gida. Abin da ya rage namu kuma bai buƙatar kuɗi mai yawa. Dayatom da aka wanke aka rufe a gilashi takan yi fiye da shekara ɗari ba ta lalace ba, sauro da ƙananan ƙudaje kuma suna ajiyuwa a busasshen bututu ko cikin sinadarin alkohol. Sharaɗin shi ne kowane samfuri ya zo da takardarsa, an rubuta da fensir domin tawada tana narkewa: sunan ƙauye, ranar da aka ɗauka, ko daga tur'a ne ko hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwa, ko tankin gida, da sunan wanda ya ɗauka. Masuntanmu da manoman bakin kogi sun san watan da ruwa ke sauya launi da wurin da nimitti ke fara tashi, kuma ɗalibin da zai fita tara samfura zai rage wa kansa rabin wahala idan ya fara zama da su ya tambaya kafin ya buɗe kwalbarsa.